Man riɗi da warkewar rauni: abin da bincike ya nuna

Idan kaka ta yi, buhunan riɗi daga gonakin Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar sukan cika kasuwannin yankin Maigatari, inda aka kafa yankin ciniki maras shinge a zamanin Gwamna Saminu Turaki. Yawancin riɗin waje ake fita da shi ɗanye. Kaɗan ne daga manoman suka san cewa man da ke cikin wannan 'yar ƙwaya ya daɗe yana jan hankalin masu binciken fata.

Bayan fatar mutum kamar katangar bulo yake: matattun ƙwayoyin halitta su ne tubala, maiƙo kuma shi ne laka. Kusan rabin maiƙon nan seramaid ne, wanda jiki ke buƙatar sinadarin linoleyik kafin ya haɗa wani nau'insa. Tun 1929 George da Mildred Burr suka lura a Amurka cewa ɓerayen da aka hana maiƙo fatarsu kan yi kirci. A 1962 kuma George Winter ya gwada a jikin aladu a Ingila, ya ga raunin da aka bari da laima ya fi saurin haɗewa a kan wanda ya bushe ya yi ɓawo.

Hanyar binciken tasirin mai a kan rauni na buƙatar haƙuri. Ana sa wa ɓera maganin barci, a aske gadon bayansa, a yanke fata daidai gwargwado. Wasu a shafa musu mai, wasu a bar su haka, sannan a riƙa auna faɗin raunin har ya rufe, a kuma duba yawan sinadarin kolajin da sabon nama ya tara. Da wannan hanya Kiran da Asad suka ba da rahoto daga Indiya a 2008 cewa riɗi da mansa sun hanzarta warkewa. Man riɗi dai kusan kashi 40 cikin 100 nasa linoleyik ne, ga sinadarin sesamol mai hana shi saurin lalacewa.

Sai dai ba kowane mai ne alheri ba. A Dhaka ta Bangaladesh, binciken Gary Darmstadt na 2005 ya nuna shafa wa bakwaini man furen rana ya rage kamuwa da cuta a asibiti da kashi 41 cikin 100. Amma a Sheffield a 2013, man zaitun, duk da farin jininsa a wurinmu, ya raunana katangar fatar manya bayan mako huɗu ana shafawa.

Nan ne ya kamata iyaye su yi hattara. Sakamakon ɓera ba izini ba ne na zuba mai a sabuwar ƙuna ko cibiyar jariri. Ƙuna ruwa mai sanyi take so na minti 20, sannan asibiti. Cibiya kuwa maganin kulohekzidin ne hukumomin lafiya suka amince da shi.

Abin takaici, ana noman riɗi a Jigawa, ana binciken mansa a wata nahiya. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa suna kusa da gonakin nan. Ya kamata su ɗauki man da matanmu ke tatsa da hannu, su gwada shi a ɗakin bincike, su faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa.