Iyayen 'yan matan Chibok a fim, mu ma muna da masu jira

A Bambeye da ƙauyukan Adar mun san jira. Maigida ya tafi bida Abijan, uwargida ta riƙe gida da ɗan kiwo da cin kasuwa. Amma jiran wanda 'yan bindiga suka ɗauke daban ne: ba waya, ba aike, ba ranar dawowa.

Irin wannan jiran ne Joel Kachi Benson, ɗan Nijeriya, ya ɗauka a fim. A watan Afrilun 2014 Boko Haram ta kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Fim ɗinsa na farko a kan lamarin, Daughters of Chibok, ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice, a Italiya, a 2019. A 2024 ya fito da Mothers of Chibok, inda ya bi iyaye mata 4 tsawon damina guda, daga shuka har girbi, suna fafutukar kuɗin makarantar sauran yaransu. A ganinmu nan ya burge, don bai tsaya kan hawaye ba. Duk 'yar kasuwa ta san ciki bai san baƙin ciki ba, dole a ɗora tukunya.

Mu ma a jihar Tawa abin ya taɓa mu. A watan Oktoban 2016 aka sace Ba'amurke Jeffery Woodke a Abalak, sai a Maris 2023 aka sako shi. Daren da aka ɗauke shi an kashe 'yan Nijar 2, maigadinsa da wani jami'in tsaro. Su ma 'ya'yan wasu ne, amma labarin Ba'amurken duniya ta bi.