Amsa Waya a Mota Ba Tare da Sakin Sitiyari Ba

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya na daƙiƙa uku yana laluben waya a aljihun rigarsa ya wuce mita 80 ke nan bai ga hanya ba. Shi ya sa riƙe waya ana tuƙi laifi ne a Najeriya, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, suna cin tara a kansa. Sababbin motoci da Bluetooth ɗinsu suke zuwa, amma yawancin na hannu da muke hawa sai an sa musu. Aikin kuwa bai fi ƙarfin mai mota ba.

Fara duba rediyon. In akwai ƙaramin rami da aka rubuta wa AUX, ka huta: sayi 'yar na'urar Bluetooth mai shiga ramin, ka haɗa ta da wayarka, muryar mai kira ta fito ta lasifikun motar tas. In babu, sai mai shiga ramin laita, wadda ke aika sauti zuwa rediyo ta zangon FM. A nan ne mutane da yawa ke cewa an sayar musu da jabu, alhali wurin saiti suka kuskure. Dole lambar da ke kan na'urar ta zo ɗaya da ta rediyo, kuma ta zama lambar da babu tasha a kanta. Mutumin Kano da ya ajiye ta kusa da 99.5, Freedom Radio zai sha, ba muryar abokinsa ba. Kuma lambar da ke fayau a Gusau tana iya cin karo da wata tasha da an shiga Kaduna. Rediyon motocin da aka shigo da su daga Amurka galibi tsallake yake yi, 88.1, 88.3, 88.5, don haka sai a zaɓi lamba mai irin wannan ƙarshe.

Makirufo shi ne abin da aka fi rainawa, shi ne kuma ke raba aiki mai kyau da na banza. Wanda ke jikin na'urar laita yana can ƙasa kusa da giya, nesa da baki, mai kira sai ya ji kamar daga cikin rijiya kake magana. In taka tana da makirufo mai igiya, maƙale shi sama kusa da madubin tsakiya, yana fuskantarka, nesa da taga da bakin iskar sanyi. Wajen bi da igiyar, kula da ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba: a motoci da yawa akwai jakar iskar kariya a nan, kada igiya ta gitta gabanta. Duk mahaɗin waya mai ruwan ɗorawa da ka gani a ƙarƙashin sitiyari ko kujera, na irin wannan jakar ne, a bar shi. Mariƙin waya kuma, mai ɗanko ba ya jure ranar Sakkwato ko Maiduguri. Mai ƙugiya ya fi aminci.

Bayan ka kashe mota, duba ko fitilar na'urar ta mutu. Wasu motocin ba sa yanke wutar laita, sai batir ya tsiyaye in mota ta kwana biyu a ajiye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai waya yana tuƙi ya ninka waninsa kusan sau 4 wajen yiwuwar yin haɗari, kuma na'urar ba ta rage wannan da yawa ba, domin hankali na can wurin zancen. Na'urar ta "ina hanya, zan kira ka" ce. Cinikin fili ko rigimar gida, a gangara gefen titi a tsaya.

Mai son canza rediyon gaba ɗaya sai ya fara cire kan batir mai alamar ragi. A yawancin rediyon kasuwa, ja na bin makulli, ruwan ɗorawa na ɗaukar wutar batir kullum, baƙi na zuwa jikin mota. Amma launukan wayoyin motar kanta sukan bambanta, wasu Honda kuma rediyonsu na neman lambar sirri da zarar an cire batir. In ba ka da abin gwada wuta, kai wa rewaya, ka tsaya kansa ya sa fiyus, ya haɗa wayoyin da mahaɗi, ba murɗewa da salatif kawai ba.