Yadda Tsami Ke Ɓoye Ƙarfi: Kimiyyar Gauraya Giya Iri Biyu a Beljiyam

Ka taɓa mance gorar kunun aya a cikin mota da rana, ka dawo da yamma ka tarar ta kumbura tim? Kana murɗa murfin ta yi tsartuwa, ka kurɓa ka ji tsami ya kama maka haƙora. To idan hakan ta taɓa faruwa da kai, ka riga ka gamu da ma'aikatan da za mu yi magana a kansu yau, wato yis da bakteriya.

Na san yawancinmu ba ma shan giya, kuma wannan rubutu ba talla ba ne. Abin da ya kai mu wajen shi ne, a masana'antar giya ta Turai aka fi sanin halin waɗannan ƙwayoyin halitta. Louis Pasteur ya wallafa littafi guda a kan giya a 1876. A ɗakin binciken Carlsberg da ke Denmak Emil Hansen ya fara ware yis tsantsa a 1883, kuma a nan ne Søren Sørensen ya ƙirƙiro ma'aunin pH a 1909, wanda aka koya mana a sakandare.

A ƙasar Beljiyam akwai masu haɗa giya biyu da halinsu ya yi hannun riga: ɗaya ƙaƙƙarfa mai ruwan gwal, ɗaya mai tsami. Tambayarmu ita ce, me ke faruwa a kofin, me ke faruwa a bakin mai ɗanɗanawa, kuma me ya sa harshe ke shan yaudara?

Ta farko: mai ruwan gwal

Fitacciya a wannan nau'i ita ce Duvel, ta gidan Moortgat da ke garin Breendonk, wanda aka kafa a 1871. Ƙarfinta kashi 8.5 cikin 100 ne, alhali giyar kwalba ta yau da kullum tana wajen kashi 5. Sunan ma a yaren yankin yana nufin shaiɗan, ka ga su kansu sun san abin da suka dafa.

Ana yin ta da tsiron sha'ir da aka busar da wuta kaɗan don kada ya yi duhu, sannan a ƙara sukari. Kada ka ɗauka sukarin zai sa ta yi zaƙi. Yis ɗin da ake kira Saccharomyces cerevisiae, ɗan gida ɗaya da na burodi, yana cinye shi tas, ya raba shi kusan gida biyu: rabi etanol, wato sinadarin da ke bugarwa, rabi iskar kabon dayoksaid. Sakamakon shi ne ruwa mai ƙarfi amma maras kauri a baki.

Yayin da yis ke wannan aiki yana fitar da wasu sinadarai masu ƙamshi da ake kira esta. Ɗaya daga cikinsu, aisoamil asitet, shi ne ainihin ƙamshin nunanniyar ayaba. Wasu jinsunan yis na Beljiyam kuma suna samar da sinadari mai ƙamshin kanumfari. Ɗacin da ke cikinta daga furen wani tsiro mai yaɗo yake, wanda ake kira hof.

Ta biyu: mai tsami

A kwarin kogin Senne, kusa da birnin Burasel, ana yin wata giya mai suna lambik, wadda ba a zuba mata yis da hannu. Ana dafa ruwan sha'ir da alkama, a zuba shi a wani faffaɗan faranti na ƙarfe a saman bene, a bar shi ya kwana a buɗe. Ƙwayoyin da ke iska da katakon ginin da gangunan ajiya su ne ke kama aiki. Daga wajen Oktoba zuwa Afrilu kawai ake yin ta, don da zafi ƙwayoyin da ba a so sukan yi yawa. Gidan Cantillon da ke Anderlecht yana wannan sana'a tun 1900.

Masu bincike a Jami'ar Leuven sun bi diddigin abin da ke faruwa a gangar tun shekarun 1970, suka ga ƙwayoyin karɓa-karɓa suke yi. Makonnin farko wasu bakteriya ne ke fara taɓa sukarin. Daga nan yis irin na burodi ya karɓa na 'yan watanni, ya samar da etanol. Sai bakteriyar Pediococcus ta shigo ta samar da asid ɗin laktik, tsamin da ka sani a nono da kindirmo. A ƙarshe wani yis mai haƙuri da ake kira Brettanomyces ya zauna yana lasar ragowar da sauran suka kasa ci, har shekara biyu ko uku. Shi ne ke ba ta wani wari da masu ɗanɗano ke kwatantawa da bargar doki ko tsohuwar fata.

A garin Roeselare kuma, kamfanin Rodenbach, wanda ya faro a 1821, yana ajiye jar giya a manyan gangunan katako har shekara biyu. Iskar da ke ratsa katakon tana ba wasu bakteriya damar samar da asid ɗin asetik, tsamin ruwan khal.

Me ya sa ba a dafa su a tukunya ɗaya?

Ai da sauƙi ne a zuba bakteriyar tsami a cikin mai ruwan gwal a huta, ko? Matsalar furen hof ce. Sinadaran da ke ba shi ɗaci suna hana bakteriyar laktik da yawa girma, shi ya sa tun asali ake sa shi don kada giya ta lalace. Masu lambik ma tsohon furen da ya shekara biyu ko uku a ajiye suke sawa, wanda ɗacinsa ya gudu. Ga kuma yawan etanol, wanda shi ma yana takura wa bakteriya. Don haka hanya mafi tabbas ita ce a yi kowace a gidanta, sannan a haɗa.

Gaurayawa tsohuwar sana'a ce a can. Giyar da ake kira guz haɗin lambik ce mai shekara ɗaya da mai biyu da mai uku. Rodenbach ta yau da kullum kashi uku cikin huɗu sabuwa ce, kashi ɗaya tsohuwa. Gidan Dilewyns da ke Dendermonde ya fitar da Vicaris Tripel-Gueuze, wadda ta haɗa ƙaƙƙarfar giya mai haske da guz. A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giya ta Beljiyam cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Lissafin da ke tafiya daidai da wanda ba ya tafiya

Ƙarfin etanol lissafinsa miƙaƙƙe ne. A ce ka haɗa kofi uku na mai kashi 8.5 da kofi ɗaya na mai tsami mai kashi 6. Abin da za ka samu kusan kashi 7.9 ne. Riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Tsami kuwa ba haka yake ba. A ma'aunin pH, duk taki ɗaya da aka sauka ninki goma ne. Giyar yau da kullum tana tsakanin 4 da 4.5, mai tsami kuma takan sauka wajen 3.3. Idan ka haɗa mai 4.3 da mai 3.3 rabi da rabi, hankali zai ce maka 3.8 za a samu. Lissafin takarda kuma zai ba ka kusan 3.6, wato mai tsamin ta ja abokiyarta ɓangarenta. Shi ma wannan ba shi ne ƙarshe ba, don akwai furotin da gishirin fosfet a cikin ruwan da ke shanye wani ɓangare na asid ɗin.

Sannan harshe ba pH kaɗai yake karantawa ba, yana la'akari da yawan asid ɗin da irinsa. Laktik tsaminsa mai laushi ne kuma kusan ba shi da wari. Asetik kuwa yana tashi cikin iska ya soki hanci, kaɗan ɗinsa ya isa. Shi ya sa har yau mai gaurayawa sai ya jera kofuna da ma'auni daban-daban ya ɗanɗana, na'ura ba ta gama masa aikin.

A bakin mai ɗanɗanawa

Mu bi kofin mataki-mataki, yadda ƙwararren mai ɗanɗano ke yi.

Ido ne farko. Mai ruwan gwal an san ta da farar kumfa mai tsayi da daɗewa, wadda furotin ɗin sha'ir da sinadaran hof ke riƙewa. Tsohuwar mai tsami ƙwayoyin sun riga sun ci mata wani ɓangare na furotin, don haka a haɗin kumfar takan kwanta da wuri, ruwan kuma ya ɗan yi hazo.

Sai hanci. Harshe ɗanɗano biyar kawai ya sani: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da daɗin nan na romo ko daddawa. Hanci kuwa yana da nau'in masu karɓar ƙamshi kusan 400. Yawancin abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci, shi ya sa in kana mura abinci ke zama salam. A nan mai ɗanɗano zai fara jin ayaba da kanumfari, a bayansu kuma warin katako da na barga.

A kan harshe, tsami ne ke fara isowa. A 2018 ɗakin binciken Emily Liman a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya gano wata ƙofa a jikin ƙwayoyin harshe mai suna OTOP1, wadda sinadarin haidirojin na asid ke shiga ta cikinta ya aika saƙon tsami zuwa ƙwaƙwalwa. Tun a 2009 kuma an nuna cewa iskar gas ɗin da ke cikin abin sha waɗannan ƙwayoyin tsamin take tayarwa. Mai ruwan gwal tana da gas fiye da giyar yau da kullum, ke nan tana ƙara wa tsamin abokiyarta kaifi. Nan take yawu zai ƙaru, kuma sinadarin baikabonet da ke cikinsa ya fara kashe asid ɗin.

Ɗaci yana zuwa daga baya kuma ya fi daɗewa. Muna da nau'in masu karɓar ɗaci kusan 25. Idan ɗaci da tsami suka yi yawa a lokaci guda, baki yakan ji abin ya yi kaushi, don haka wannan ne wurin da mai gaurayawa ya fi taka-tsantsan.

Ƙarshe sai ɗumin da ke sauka a maƙogwaro. Etanol yana taɓa wata ƙofar jijiya mai suna TRPV1, wadda barkono ke tayarwa. A ƙa'ida sai zafi ya kai wajen digiri 42 take buɗewa, amma etanol yana sauko da wannan iyaka zuwa wajen 34, ƙasa da ɗumin jikinka. Zafin jikin mutum ne da kansa yake ji kamar ƙuna.

Don kauce wa son rai, ana yin gwajin kofi uku: biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ka nuna baƙon. Mai cankewa kawai zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka sai an yi lissafi kafin a yarda akwai bambanci. Lissafin t da ɗaliban kimiyya ke fama da shi ma, William Gosset, ma'aikacin Guinness, ya wallafa shi a 1908.

Kwalbar tana da rai

Idan ba a tace ko an dafa haɗin ba, Brettanomyces yana nan daram. Yana da sinadarin da ke farfasa ƙamshin ayaba, kuma yana juya na kanumfari zuwa mai kama da hayaƙi. Kwalbar da aka buɗe bayan wata uku da wadda ta shekara biyu ba ɗaya ba ne. Yana kuma cin dogayen sukarin da yis na farko ya bari, ya ƙara gas. Gram 24 na sukari a lita ɗaya yana iya tara matsin da ya ninka na tayar mota fiye da sau biyu. Shi ya sa ake amfani da kwalba mai kauri, a ɗaure murfin da waya. Wannan ma dalili ne da ya sa mai ruwan gwal ta dace da haɗin: yis ɗinta bai bar ragowa mai yawa ba.

Inda haɗarin yake

Mu koma kan 7.9 ɗin nan. Ƙwaƙwalwa ta saba danganta tsami da sanyi da gas da abin kashe ƙishirwa, irin lemo. Ruwan ba kauri, ɗanɗano da yawa suna gasa a baki, sai alamar etanol ta dushe. Amma hanta ba ta ɗanɗano. Kwalbar mililita 330 mai kashi 7.9 tana ɗauke da etanol kusan gram 21, mai kashi 5 kuwa gram 13. Kwalba biyu na haɗin sun wuce uku na waccan. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa barasa cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara tun 1988, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da za a kira maras illa.

Darasin ya iso har gida. Burukutu a nan Najeriya da pito a arewacin Ghana da dawa ake yin su, kuma tsarin ɗaya ne: bakteriyar laktik ta fara tsamantawa, yis ya biyo baya. Kamu da nono sun fi tsayawa a matakin tsami. Kunun aya da zoɓo da kunun zaƙi kuwa suna da sukari a shirye, in suka daɗe a zafi babu mai tsayar da karɓa-karɓar. Kumburin gora alamar gas ce, kuma hanyoyin da ke samar da gas ɗin sau da yawa suna barin etanol, ko da kaɗan ne. Harshenka tsamin zai faɗa maka, sauran ba zai faɗa ba.

Saboda haka in kana sayar da kunu ko kana saya, a wanke gora sosai, a yi daidai na yini, a ajiye a sanyi. Wadda ta kumbura kuwa, a zubar.