Bayani a Kan Ƙidayar Ambato da Hukuncin Yankan Huhu

Nufinmu yau shi ne mu bayyana wata al'ada ta likitocin zamani, watau yadda suke auna darajar rubutun junansu da ƙidaya, da abin da wannan awo ya jawo wa masu ciwon daji na huhu. Al'amarin kuwa mai girma ne, domin an ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum wajen miliyan 2.5 suka kamu da wannan ciwo a duniya, wajen miliyan 1.8 kuma suka mutu da shi. Babu wani irin daji da ya kai shi kisa.

Ku sani, likita idan ya gama bincikensa yakan rubuta maƙala a buga ta a mujallar likitoci. Wanda ya zo daga baya, in ya dogara da maganarsa, wajibi ne ya ambaci sunansa da wurin da ya faɗe ta. Malamai ba su bukatar dogon sharhi a nan, don sun san ba a yanke mas'ala sai an ce wane ya faɗa a littafi kaza. Abin da ya zo sabo shi ne ƙidayar waɗannan ambato. A 1955 wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya kawo shawarar a tattara su, kana a 1964 ya fara fitar da kundin da ake kira Science Citation Index. A 2005 kuma wani masani, Jorge Hirsch, ya ƙaro wani ma'auni: wanda yake da maƙala 20, kowace an ambace ta sau 20 ko fiye, lambarsa 20 ke nan. Da irin waɗannan lambobi jami'o'i da yawa suke duba wanda za a ƙara wa girma da wanda za a ba kuɗin bincike.

To, ga yadda abin ya gudana a fannin fiɗar ƙirji. Ranar 5 ga Afrilu 1933, a asibitin Barnes da ke birnin St. Louis na Amurka, likita Evarts Graham ya cire huhu guda ɗungum daga ƙirjin wani ɗan'uwansa likita, James Gilmore, saboda daji. Wannan ne karo na farko da aka yi haka a zama ɗaya mai ciwon ya warke. A 1950 Graham da almajirinsa Ernst Wynder suka buga bayanin mutum 684 masu wannan ciwo, suka nuna alaƙarsa da shan taba, kuma a shekarar nan Richard Doll da Bradford Hill suka tabbatar da haka a Ingila. Graham kansa ya daɗe yana shan taba kafin ya bari. Ciwon da ya koya wa duniya yankewa shi ya yi ajalinsa a 1957, alhali Gilmore ya rayu har 1963.

Huhu a tsage yake kamar goro. Na dama ɓari 3 ne, na hagu ɓari 2, kowane ɓari kuma ya kasu ƙananan yankuna. Da tafiya ta yi tafiya, likitoci suka ga cire ɓari ɗaya yakan wadatar, ba sai an ɗauke huhun duka ba. Sai wata mas'ala ta taso: idan ƙarin ƙarami ne, ashe ba za a cire yanki kaɗai a bar wa mutum sauran numfashinsa ba?

Amsar ta fito a 1995, cikin mujallar Annals of Thoracic Surgery, da sunan Robert Ginsberg da Lawrence Rubinstein. An raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a, domin kada son ran likita ya shiga zaɓi, kuma dukansu ƙarinsu bai wuce santimita 3 ba. Da aka duba mutum 247, aka tarar ciwon yana komowa a wurin yankan har ninki uku ga waɗanda aka cire wa ɗan yanki. Hukunci ya tsaya a kan cire ɓari cikakke. An ambaci wannan maƙala sau dubbai, ta zama nassin da ake karanta wa kowane almajirin fiɗa, aka yi ta aiki da ita fiye da shekara 25.

Amma hukunci yana tafiya ne da halin da aka yanke shi a ciki. Mutanen wancan gwaji an tara su tsakanin 1982 da 1988, lokacin da galibi da hoton ƙirji na gargajiya ake gano ciwon. Daga baya na'urar CT ta yawaita, mai nuna cikin jiki falle falle, tana gano ƙari tun yana kamar ƙwayar gyaɗa. A 2011 wani babban gwaji a Amurka, na mutum fiye da 53,000 masu tarihin shan taba mai yawa, ya nuna duba su da wannan na'ura ya rage mutuwa da dajin huhu da kashi 20 cikin 100. Marasa lafiyar da ke zuwa gaban likita suka zama daban da na da, amma ambaton tsohuwar maƙalar bai fasa ƙaruwa ba.

Likitocin Japan suka sake gwajin da mutum 1,106 waɗanda ƙarinsu bai wuce santimita 2 ba, yana kuma gefen huhu. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2022: bayan shekara 5, kashi 94.3 cikin 100 na waɗanda aka cire wa yanki suna raye, na waɗanda aka cire wa ɓari kuwa kashi 91.1. Adalci ya sa mu faɗa cewa a nan ma ciwon ya fi komowa a wurin yanka ga masu yanki, kashi 10.5 a kan 5.4. A 2023 Nasser Altorki da abokan aikinsa suka buga gwajin mutum 697, suka sami hanyoyin biyu kusan kunnen doki. Saboda haka yau an yarda da cire yanki ga ƙaramin ƙari na gefe, da sharaɗin an tabbatar bai bazu ba. Maƙalar 1995 ba ta yi ƙarya ba, zamaninta ta faɗa.

Akwai kuma inda ƙidaya ta ɗaukaka abin da bai inganta ba. A 2011 likita Paolo Macchiarini ya dasa wa wani mutum bututun numfashi na roba a asibitin Karolinska da ke Suwidin, ya buga a Lancet cewa aiki ya yi kyau. Sunansa ya cika duniya, aka yi ta ambaton maƙalar. Mutum uku da ya yi wa wannan aiki a Suwidin duka sun mutu. Waɗansu likitoci huɗu na asibitin suka kai ƙara a 2014, mujallar ta janye maƙalar a 2018, kotu kuma ta yanke masa ɗaurin shekara 2 da wata 6 a 2023. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an yi asarar rayuka. Ku lura kuma, mai ƙidaya ba ya bambanta wanda ya ambace ka don yabo da wanda ya ambace ka don raddi, duka ɗaya yake rubutawa.

Akasin haka ma ya faru. Tun 1943 Eberhard Schairer da Erich Schöniger a birnin Jena na Jamus suka nuna alaƙar taba da dajin huhu, amma da yake da Jamusanci suka rubuta, a tsakiyar yaƙi kuma ƙarƙashin mulkin Hitila, kaɗan ne suka ambace su. Ganin irin waɗannan aibobi ya sa a 2012 waɗansu masana da editoci suka taru a San Francisco, suka yi kira da a bar auna mai bincike da lambar mujallar da ya buga a ciki.

Ɗan kasuwa ya san cinkoson jama'a a bakin rumfa alama ce, amma ba ya biyan kuɗin dila sai ya kwance ta. Haka ƙidayar ambato take: tana nuna shahara, tana shiryar da mai nema zuwa ga abin da ya kamata ya karanta, ingancin magana kuwa sai an duba mutum nawa aka gwada, ko da ƙuri'a aka raba su, shekara nawa aka bi su, da ko wani ya maimaita ya sami daidai. Wanda likita ya ce za a yi wa ɗan'uwansa fiɗar huhu, ya tambaya da ladabi: girman ƙarin nawa ne, ina yake, ya bazu ko bai bazu ba, ɓari za a cire ko yanki, kuma don me. Likita na ƙwarai ba ya ƙyamar waɗannan tambayoyi. Mai shan taba kuwa ya tuna da Graham.