Lu'ulu'u da Murjani: Hanyoyin Rarrabe na Gaske da na Jabu

Kalmomin "lu'ulu'u" da "murjani" duka aro ne daga Larabci, kuma an ambaci abubuwan biyu tare a cikin Suratur Rahman. Bahaushe ya faɗaɗa ma'anar ta farko har ta haɗa da daimon da sauran duwatsu masu ƙyalli, alhali kuwa asalin lu'ulu'u ƙwaya ce da ke samuwa a cikin wata halittar ruwa mai ɓawo biyu. Shi ko murjani, ƙashin wasu ƙananan halittu ne na ƙarƙashin teku, kuma jansa mai daraja daga Bahar Rum fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi.

A karkara kamar ƙasar Shanono, dutsen wuya ado ne, kuma ajiya ce. Da shi ake ƙawata lefe, shi mace ke miƙa wa dillaliya ranar da buƙata ta taso. Saboda haka wadda aka sayar wa na jabu, sai ranar da ta zo sayarwa za ta gane asarar da ta yi.

Kwaikwayon ya daɗe. Tun ƙarni na 17 aka gano a Faransa yadda ake shafa wa ƙwayar gilashi wani ruwa da ake samu daga ɓawon kifi, ta ɗauki sheƙin lu'ulu'u. Haka kuma Barth, wato Abdulkarim, ya tarar da duwatsun ado na Benis a kasuwar Kano a 1851. Daga baya roba ta shigo, abin ya ƙara arha.

Ido kaɗai ba ya raba gardama. Gwaji na farko shi ne na haƙori: in aka goga lu'ulu'u na gaske a gefen haƙori a hankali, za a ji kaushi kamar na rairayi mai laushi, domin halittar tana gina shi ne rufi bisa rufi. Na jabu santsi gare shi. Na biyu, a dubi bakin huji, inda fentin na jabu ke taruwa ko ya ɓare. Na uku, na gaske yana da sanyi da ɗan nauyi a tafin hannu, kuma da wuya ƙwaya biyu su zo daidai wa daida. Game da murjani kuwa, ɗigon lemon tsami kan tayar da 'yar kumfa a kansa, gilashi ba ya yi, roba kuma allura mai zafi na narkar da ita.

Sai dai gwaje-gwajen nan suna da iyaka. Akwai farin murjani mai arha da ake rinawa ja, shi ma yana kumfa. Bugu da ƙari, tun da Mikimoto na Japan ya yi nasarar kiwon lu'ulu'u a 1893, na kiwo ya mamaye kasuwa, har ya taimaka wajen durƙusar da sana'ar masu nutso na Baharain a shekarun 1930. Shi wannan yana cin gwajin haƙori, sai na'urar hoton ƙashi ke bambanta shi da wanda ya samu da kansa. Ke nan kafin ciniki ya faɗa, ya kamata mai saye ya san ko wanne ne a hannunsa cikin ukun: na asali, na kiwo, ko na jabu.