Yadda Ake Ɗaukar Hoton Bayan Ido



A zangon karatun da ya wuce, ƙanwar ɗaya daga cikinmu ta kamu da ciwon ido. Idonta na hagu ya riƙa turowa waje kaɗan-kaɗan, kuma in ta kalli abu ɗaya sai ta ga biyu. A gida an ɗiga maganin ido, wasu maƙwabta kuma suka ce kambun baka ne. Da aka je asibiti, likita ya haska idon da tocila, ya ce ƙwayar idon lafiyarta lau, matsalar tana bayanta. Sai ya rubuta a je a yi hoton maganaɗisu, wanda a asibiti ake kira MRI, kuma a yi shi da allura. Wannan ne ya sa muka zauna da malaminmu na kimiyya, muka yi ta yi masa tambayoyi. Ga abin da muka fahimta.

Ku taɓa ƙashin da ke ƙarƙashin girarku, ku bi shi da yatsa har ku zagaye ido. Wannan shi ne bakin kwarmin ido. Rami ne mai faɗi a gaba, yana tsukewa a can ciki kamar mazurari, kuma ƙasusuwa 7 ne suka haɗu suka yi shi. A babban mutum bai wuce ya ci cokalin cin abinci biyu na ruwa ba, wato kamar mililita 30. Ƙwayar ido kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai ta cinye. Sauran wurin akwai tsokoki 6 masu juya ido sama da ƙasa, hagu da dama, akwai ƙullin da ke samar da hawaye, akwai hanyoyin jini, akwai kitse mai taushi da ido yake kwance a kai. Sannan akwai jijiyar gani, wadda ta fita daga bayan ido ta bi wata 'yar kafa ta shiga ƙwaƙwalwa. Da yake ƙashi ne ya kewaye ramin, in wani abu ya kumbura a ciki ba shi da wurin zuwa sai gaba. Shi ya sa ido yake turowa.

To me ya hana a yi hoton da ake yi wa wanda ya karye? Wannan hoton ƙashi yake nunawa sosai, amma tsoka da jijiya da kitse duk sai su fito kamar hazo. Na'urar maganaɗisu ita kuma abu mai taushi ta fi iya nunawa.

Yadda take aiki ya ɗan ba mu wahalar ganewa. Fiye da rabin jikinmu ruwa ne, kuma a cikin ruwa akwai sinadarin haidurojin. Ƙwayoyin haidurojin suna yi kamar 'yan mitsi-mitsin maganaɗisu. In mutum ya shiga na'urar, sai su juya su bi layin babban maganaɗisun, kamar mu a filin asambuli in an kaɗa ƙararrawa. Sai na'urar ta aiko da igiyar rediyo ta ture su daga layi. In ta tsaya, sai su koma, kuma wajen komawar suna fitar da wata alama da na'urar take kamawa. Na cikin kitse suna komawa da sauri, na cikin ruwa suna nawa. Wannan bambancin kwamfuta take mayarwa hoto, yanki-yanki, kamar an yayyanka burodi. Mutum biyu, Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila, sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda wannan aiki.

Yanzu maganar allura, wadda ita ce ta fi tsorata ƙanwar tamu. Ruwan da ake sakawa fari ne tas kamar ruwan sha, a cikinsa akwai wani sinadari mai suna gadoliniyom, lamba 64 a jadawalin sinadarai. Sunan wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Finlan, Johan Gadolin, aka sa masa. Ana fara ɗaukar hotuna ba tare da shi ba. Daga baya a tura shi ta jijiyar hannu gwargwadon nauyin mutum, a sake ɗauka. Ruwan yana bin jini, kuma wurin da ya kumbura ko ya yi ƙari yakan sha jini da yawa, hanyoyin jininsa kuma suna yoyo. Sai ruwan ya taru a wurin, wurin ya yi haske a hoto. Likita ya jera hoton farko da na biyu, ya ga inda ya sauya.

Akwai wata dabara a nan da ta burge mu. Shi ma kitsen bayan ido fari yake fitowa a irin wannan hoto. In ciwon ya yi fari, kitsen ma fari, ya zama an yi rubutu da alli a farin bango. Don haka mai sarrafa na'urar yakan sa ta ta dushe hasken kitsen ya koma baƙi kamar allon ajinmu, sai ciwon ya fito fili.

Da wannan hoto ake gano kumburin jijiyar gani, wanda kan sa gani ya ragu cikin 'yan kwanaki. Ana gano kumburin tsokokin ido, da ƙari, da ƙurjin da ya taso daga ramukan hanci ya shigo bayan ido. Akwai kuma wata cutar daji ta ido da ke kama yara ƙanana, yawanci 'yan ƙasa da shekara 5. Alamarta ita ce tsakiyar baƙin idon yaro ta riƙa ƙyalli fari kamar idon kyanwa da dare. Hoton yana nuna ko ciwon ya tsaya cikin ido ko ya fara bin jijiyar gani. Duk wanda ya ga irin wannan a idon ƙaninsa, ya faɗa wa Baba ko Mama a ranar, a tafi asibitin ido.

Kafin a shiga ɗakin akwai fom da ake cikewa, kuma wannan ne ya fi shafarmu. Maganaɗisun da aka fi amfani da shi ya fi na duniyarmu ƙarfi kusan sau 30,000, kuma ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta. Dole a cire 'yan kunne, fil ɗin hijabi, makulli, agogo da waya. Ana tambaya ko ƙarfe ya taɓa faɗa wa mutum a ido. Da yawa a cikinmu suna zuwa koyon walda ko gyaran mota ko ƙira bayan an tashi daga makaranta. In ɗan ɓarɓashin ƙarfe ya maƙale a ido tun shekarun baya, maganaɗisu zai iya motsa shi ya yaga idon daga ciki. Wanda abin ya taɓa samu ya faɗa, ko da yana ganin ya warke, sai a fara dubawa da hoton ƙashi. 'Yan mata kuma kada a sa kwalli ko gazal a ranar, don wasu suna da ɓurɓushin ƙarfe da ke ɓata hoton daidai wurin da ake son gani. Mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su ma su faɗa, domin ƙoda ce take fitar da ruwan allurar ta fitsari, yawancinsa cikin kwana ɗaya.

Aikin yakan ɗauki minti 30 zuwa 45. Ana kwanciya a wani siririn gado, a sa wa kai wani abu kamar keji, gadon ya shige cikin rami. Ƙara ce kamar ana daka a turmin ƙarfe, don haka ana toshe kunne. Ba zafi, sai ɗan sanyi a hannu lokacin da ruwan yake shiga. Abu mai wuya shi ne a rufe ido a hana shi yawo, domin in ya motsa hoton zai yi dishi-dishi, sai an sake. Ƙananan yara sai an ba su maganin barci. Kuma gaskiya akwai tsada, na'urar ma ba kowane asibiti ke da ita ba, sai da suka tafi babban birni.

Ƙanwar tamu ba a ba ta maganin barci ba. Ta ce ta yi ta karanta jadawalin sau a zuci, ta kai na bakwai ta koma farko. Hoton ya nuna kumburi ne a tsoka ɗaya, aka ɗora ta a kan magani, kuma ta koma makaranta. Yayan nata ya yi alkawarin kawo mana hoton ranar taron kulob, in Baba ya yarda.