Daga Dutse zuwa Bauchi: kusa ta sama, nesa ta ƙasa

Jama'a, filin jirgin saman Dutse, wanda aka buɗe a 2014 zamanin Gwamna Sule Lamido, nisansa da na Bauchi bai wuce kilomita 160 ba in an miƙe ta sama. Tafiyar minti 30 ce ko kusa da haka. Amma mu da muke da dangi a can, mota muke shiga: Birnin Kudu, Ningi, sannan Bauchi, wajen awa 3, in hanya ta yi kyau ke nan. Dalili kuwa, kamfanonin jirage sun fi bin inda fasinja suke da yawa, wato Abuja da Legas. Namu filin ya fi cika lokacin jigilar alhazai. Saboda haka mai majinyaci a hannu ya tanadi kuɗin mota, ya kuma yi sammako.